Ranar da Na Share wa Surukina Gona

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da ta biyo bayan babban farin nan ba, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa. Ko na so in manta ma, mutanen Matameye ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, in rasa wa zan fara zagi: Lawali ne, ko gardin daji mai tsaron itatuwa, ko wannan ƙaton kan da nake yawo da shi a wuya.

A daminar shekarar gero kaɗai na shuka, kamar yadda na saba. Yana shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke, ya ƙone a tsaye, ko dami ɗaya ban ɗaure ba. Na ce ba komai, na tafi Kano cin rani. Can ma aka tattara mu aka koro mu, aka rufe iyaka, na dawo daga ni sai rigar jikina da wata tsohuwar rediyo. Kafin in iso, surukina Malam Issufu ya aiko an kwashe matata Zuwaira da 'ya'yanmu zuwa gidansa, tunda rumbuna ko ɓera ya daina leƙawa. Abin nan ya ci mini rai. Namiji da gemunsa, wani na ciyar masa da iyali, ba shi da bakin cewa a ba shi matarsa! Kullum tunanina ke nan: me zan yi wa tsohon nan da zai sa in iya zuwa in ɗauko Zuwaira ba tare da na sunkuyar da kai ba?

Ana haka sai Lawali, abokina (in dai ana kiran irinsa aboki), ya same ni a tasha.

"Ka ga gonar surukinka kuwa?" in ji shi. "Wallahi abin kunya. Sabara da kalgo da 'yan gawo sun cinye ta, karan bara ma na nan zube. Mutane na cewa tsufa ya kama shi, kuma ba shi da suruki."

Ba shi da suruki! Ina raye, ina numfashi! Nan take jinina ya tafasa. A wurinmu, in ba ka da hatsin kai wa surukai, ai kana da ƙarfin jikinka: ka tara gayya, ku yi musu aikin gona. Kuma a lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ya share gonarsa tas kamar tsakar gida, ya tara ya cinna wuta. Na ce shi ke nan, na samu hanya.

Za ka ce me ya hana in tambayi mai gonar? Haba! Mutumin da ko gaishe shi sai na durƙusa daga nesa, ido a ƙasa, shi zan tsare da tambayar me ya sa gonarsa ta yi datti? Kuma so nake ya zo ya gani kawai, ya yi mamaki. (Ya kuwa yi mamakin, wannan kam ban yi ƙarya ba.)

Na sayar da rediyon, na sayi goro da 'yar fura, na tara samari, har da Lawali. Har makaɗi na ɗauko, don iyayi. Muka faɗa gonar da sassafe. Ba mu jima ba wani daga cikin 'yan gayyar ya kira ni, ya nuna mini wani ɗan gawo da aka datse wa rassan ƙasa aka kewaye shi da ƙaya.

"Anya wannan ba da gangan aka bar shi ba?"

"Sara aka kira ka ko shawara?" na daka masa tsawa. Na karɓi gatarin na sare shi da hannuna, makaɗi yana zuba mini kirari, ni kuwa ina jin kaina kamar sarkin noma. Kafin rana ta take mun gama da komai. Muka tara kara da rassa muka sa wuta, hayaƙi ya turnuƙe har ana hangowa daga hanyar Tsauni.

Cikin hayaƙin nan wata motar gwamnati ƙirar katkat ta tsaya a bakin gona. Malamin gona ya fito, sai gardin daji da bindigarsa, sai wasu manya daga ofishin kwamanda mai mulkin yankinmu. Na ƙarshe da ya sauko Malam Issufu ne, cikin rigarsa ta Juma'a. Ashe ranar aka tsayar za a kawo baƙi su ga gonarsa, don a nuna wa sauran manoma ita a matsayin abin koyi. Ni kuma ga ni tsaye a tsakiyar toka, gatari a kafaɗa, ina washe haƙora, ina jiran a sa mini albarka.

Tsohon bai dube ni ba. Ya taka a hankali har gindin ɗan gawon nan, ya tsuguna, ya shafa kututturen. Sannan ya juya ga malamin gona, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Karan nan shi ke hana iska binne mini shuka. Ganyen nan shi awakina suka ci da rani, da nononsu ake dama furar da ake sayarwa. Tsakanin sabarar nan wake da riɗi da yakuwa suka tsira, ranar da gero ya ƙi kowa." Sannan ya ƙara da cewa, "Da dattin nan nake ciyar da jikokina."

Jikokinsa, wato 'ya'yana. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Wata da watanni ina jin haushin ana ciyar mini da iyali, ban taɓa tambayar kaina daga ina abincin ke fitowa ba.

Gardin daji kuwa abin nema ya samu. A zamanin nan sare gawo ba wasa ba ne, kaso ake kai mutum a kulle shi. "Wa ya sa a yi wannan?" in ji shi. Na waiga neman Lawali, ko ƙurarsa babu. Makaɗin da ya sha furata shi ya nuna ni da gula: "Ai ga mai gayya nan." Gardin ya fizge gatarin, ya sa ni tsallen kwaɗo cikin toka mai zafi, a gaban surukina, a gaban samarin da na tara. Abin da ke ƙona mini rai har yau, gardin nan kowa ya san shi ke sayar wa masu tuya itace a ɓoye, amma ran nan shi ne uban itatuwa.

Surukina ne ya cece ni. "Ranka ya daɗe, na gida ne, ku bar mini shi." Na fara jin sanyi a raina, sai ya ci gaba, har yanzu bai kalle ni ba: "Saiwar na da rai, za su toho. Shi zai zaɓi tohon, shi zai datse, shi zai kewaye da ƙaya. Zuwaira kuma za ta koma ɗakinta ranar da gawon nan ya kai shi tsawo."

Jama'a, duk unguwarmu ba wanda ya kai ni tsawo.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Na zama mai tsaron kututture, ina korar awaki, ina hararar gawo kamar hararar za ta sa ya yi sauri. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Dogo, ya gawo?" Wata rana surukata ta kama ni na jingina da shi na ɗan ranƙwafa ina gwada tsawo, ta rufe baki da gyale ta juya, ni ma na juya, ba wanda ya gaida wani. A zaman nan dai na koyi aikin, har na koma tawa gonar na bar itatuwa, na haɗa gero da wake da riɗi, na samu 'yar akuya.

Ranar da gawon ya kai ni, aka rako Zuwaira da yara. Na fito tarbarsu da farin ciki, sai ƙaramar 'yata ta ɓuya bayan uwarta, ta leƙo ta ce, "Inna, mai gadin gonar Kaka a nan zai kwana?" Aka yi ta dariya, ni kaɗai ne ban yi ba.

Tun daga nan, kafin in taimaki mutum sai na tambaye shi, ko da surukina ne, ko da kunya za ta kashe ni. Kunyar tambaya ta yini ɗaya ce, tsallen kwaɗo kuwa har jikokina sun ji labarinsa.