Yadda Za Ka Yi wa Surukai Bayanin 'Yarka Mai Auna Furotin

Wanda ya bi matakan nan, surukai za su tashi suna ganin girmansa, ko bai gane komai ba. Tabbas ne.

1. Haddace kalmar.
Furotin. Wani abu ne a jini da nama, ido ba ya ganinsa. 'Yarka tana saka shi a na'ura, na'ura ta faɗi nauyinsa. Da nauyin ake gane irinsa, don furotin ɗaya yakan zo iri-iri, kamar 'ya'yan mutum ɗaya. Wannan ya ishe ka. Ita ta yi karatu, kai ka haife ta.

2. Kada ka ambaci nama.
Za su ce mahauciya ce. Ka ce, "Wasu sai sun daddatsa shi kafin su auna. Tawa sukutum take aunawa." Sai ka kalli bango. Mai ilimi ba ya kallon mutane.

3. Kada ka gajarta.
Bappa Jalo na Luggere ba ya son doguwar magana. Dangin Suhaib, mai neman auren Nahla, 'yar Jalo da ke aikin auna furotin, suka zo gaisuwa daga Yola. Goggon yaron ta ce, "Bappa, ina amaryar tamu?"
Ya ce, "Ta tafi awo."
Goggo ta ajiye kofin shayi. "Awo? A asibiti?"
"Kullum."
"Tun yaushe?"
"Ta daɗe. Har ta san nauyinsa."
Goggo ta yi salati, ta laluba takalminta. A wurin mata awo ɗaya ne, na ciki. Jalo ya zaci shayin ne bai ji sukari ba.

4. In ka riga ka gajarta.
Kada ka ba da haƙuri, dattijo ba ya kuskure. Tura yarinyar ta gyara. Nahla ta tafi Yola cikin farar rigar aiki mai faɗi, ta yi ta bayanin na'ura har aka kira la'asar. Goggo ta saurara, idonta a kan rigar.
"Na ji, 'yata. Sannu. Ki rage tsayuwa da yawa."
Aka ɗaga biki zuwa bayan damina. Goggo ta ce ita ma za ta yi nata awon, da ido.

Gargaɗi: wanda ya bi wannan, bikin 'yarsa ya lalace, kada ya zo ƙofata. Ba ni na ce ya tura ta karatun abin da ba a gani ba.