Rasuwar Cafkau, Ƙarfen Karɓar Saƙo na Rijiyar Dodo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani zafi kuma da ya fi baƙin cikin, ake sanar da kai, kai da ka gani da idonka ka kawar da fuska, rasuwar Cafkau, ƙarfen da ke tsaye a bakin kwalta a Rijiyar Dodo, tsakanin Tanut da Damagaram. Ya rasu ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, yana da shekara talatin da ɗaya, a gaban maza goma sha huɗu masu lafiya, kowa da bakinsa. Idan kana cikinsu, ka san kanka. Idan ba ka ciki, to kana cikin waɗanda suka shekara suna wuce shi yana kukan tsatsa, suna cewa Allah ya kyauta.

Wanda aka yi wa rasuwar shi ne Malam Shu'aibu Maƙeri, dattijo ɗan shekara saba'in da biyu. Shi ya ƙera marigayi da hannunsa, shi ya yi jinyarsa, shi ne kuma yanzu yake zaune a ƙofar maƙera yana kallon ramin da aka bari.

Ga wanda bai san marigayi ba, ga asalinsa. Rijiyar Dodo a gindin tudu take. Babbar mota in ta tsaya a nan, ba ta hawa sai fasinja sun sauko sun tura, ga shi masu motocin sun hana direbobi tsayawa inda ba tasha ba. Tasha mafi kusa kuwa kilomita talatin ce. A da, ta taga ake jefo saƙo. Wata wasiƙar iska ta tafi da ita, wata akuya ta riga mai ita gani.

Malam Shu'aibu ya yi ci-rani a Kano yana saurayi, yana yi wa maƙeran bakin tashar jirgin ƙasa zuga. Can wani tsohon ma'aikacin reluwe ya nuna masa hoto a cikin wani yagaggen littafi. Jirgi ne yake gudu a ƙasar Turawa, ga ƙarfe a bakin dogo riƙe da jakar wasiƙu, ga wani hannun ƙarfe ya leƙo daga taragu yana fizge ta. Jirgi bai tsaya ba, wasiƙa kuma ta tafi. Hoton nan ya zauna masa a ka. Ya dawo gida, nan ƙasar Damargu, ya zauna jiran jirgi, domin an yi ta cewa dogo na nan zuwa. Da ya ga furfura ta riga jirgin isowa, sai ya ce ai mota ma gudu take yi.

Jikin marigayi bututun tsohon famfo ne. Hannunsa na sama ƙarfen ƙarƙashin kamiyo ne, wato babbar motar kaya, irin ƙarfen da ke lanƙwasawa ya dawo, da ƙugiya a bakinsa. Na ƙasa bakin hauya biyu ne da aka haɗa, suna riƙe jakar da za ta fita sako-sako. In mota ta doso, aparanti, wato yaron mota, ya miƙo jaka ta taga a kan sanda, da zoben ƙarfe a wuyanta. Sai ka ji "ƙwal!" Ƙugiya ta shiga zobe ke nan. Sai ka ji "fiit!" An zare ta ƙasan da ɗaya sandar. Mota ta wuce, shi kuma ya tsaya yana "wuwuwuwu" har jikinsa ya lafa. Duk maganarsa a duniya ke nan, kuma bai taɓa faɗin ta a banza ba.

An shaidi marigayi da riƙon amana. Bai taɓa buɗe wasiƙar kowa ba, bai taɓa neman goro ba, bai taɓa zuwa bakin rijiya ya faɗi wa aka aiko wa me ba. Samarin gari sun watse, wasu Agadas, wasu Libiya, shi yana nan. Lokacin zaɓe kowace jam'iyya ta manna masa hoton ɗan takararta, ya ɗauke su duka bai nuna bambanci ba. Ta hannunsa sakamakon jarrabawa ya shigo garin nan, da katin ɗan ƙasa, da hotunan mazan da matansu suka fara mance kamanninsu. Sau ɗaya tak ya saki kaya a rayuwarsa, ranar da wani ya ɗura wa jakar wasiƙu gero tiya huɗu zai aika wa ɗansa ɗan makaranta. Wannan ma kowa ya san laifin wane ne.

Akwai kuma saƙo guda da ya fi sauran nauyi, ko da yake bai cika tafin hannu ba. Zuhaira, 'yar Malam Shu'aibu, tana da farfaɗiya tun tana shekara tara. Tabon da ke hannunta na hagu na murhu ne, ta faɗa ciki tana tuƙa tuwo. Yayanta Abdulmajid birkila ne a Damagaram. Kowane wata yakan kai katinta asibiti, a ba shi magani, ya haɗa da katin ya damƙa wa Husaini direba, wanda ke hawa Agadas ran Litinin ya dawo ran Juma'a. Husaini ya ba aparanti, aparanti ya ba Cafkau. Shekara shida ke nan Zuhaira ba ta faɗi ba. A cikinsu ta yi aure, ta haifi ɗa namiji.

Jinyar marigayi ta daɗe, kuma a bainar jama'a ya yi ta. Simintin gindinsa ya tsage tun damina uku da suka wuce. Malam Shu'aibu, wanda hannunsa ya fara rawa, ya je ƙofar Maigari ya roƙi siminti buhu biyu da maza huɗu. Aka ce magana ce babba, sai an kafa kwamiti. Aka kafa, da shugaba da mataimaki da magatakarda da mambobi takwas. Sun zauna sau ɗaya, sun ci goro, sun yi addu'a, sun tashi. Dattijon ya koma yana cusa duwatsu a tsagar, yana shafa wa gaɓoɓin marigayi kitsen layya.

Ga yadda ajali ya zo. Ran Litinin ɗin nan, ranar maganin Zuhaira, surukin Maigari ya iso daga wajen Tarka a kan amale, wani ƙaton raƙumi da bai saba da kwalta ba. Ya duba inda zai ɗaure, ya ga maza sun cika gindin itacen bakin hanya, ya ga ƙarfe a tsaye, ya ɗaure a nan. Ba shi da laifi. A garinsu, ƙarfen da ke tsaye turke ne.

Kowa ya gani. Kowa kuma ya san motar Husaini ta kusa. Amma a garin nan ba a gyara wa baƙo zama kafin ya sha ruwa, balle suruki, wanda Maigari kansa ba ya iya haɗa ido da shi. Aka aika cikin gida a kawo ruwa. Matan gida suka ce babban baƙo irin wannan ba a ba shi ruwa tsura, sai fura. Suka zauna damu.

Malam Shu'aibu yana ƙofar maƙera. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya matsa kusa da Sabi'u, magatakardan kwamitin, ya rage murya.

"Sabi'u, motar Husaini fa."

"Na sani, Baba Maƙeri."

"To je ka faɗa masa ya matsar da raƙumin."

"Ni? Mutum ko ruwa bai sha ba? Kai ne babba, faɗa masa mana."

"Maƙeri ya ce wa surukin Maigari kwance raƙuminka? Da wane bakin?"

"To bari furar ta iso. Ai yanzu-yanzu ne."

A gindin itace ana ta gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, yaya ruwan Tarka, ina kuma gajiya. Dattijon yana jin gaisuwar da kunne ɗaya, ɗayan yana kan hanya. Ya ji ƙugin injin tun daga nesa. Ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi. Wannan sanarwa ba za ta ɓoye ba, shi ma yana cikin sha huɗun, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya kasa cin abinci tun daga ranar.

Husaini ya danna oda sau uku, yadda ya saba. Amale ya zabura. Marigayi ya ce "ƙarrrr," ya ce "ƙas!" Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Raƙumin ya tumɓuke shi da gindinsa, ya ja shi taku ɗari biyu cikin gona, hannun sama ya karye gida biyu. Aparanti ya janye jakarsa, mota ta haye tudu da maganin Zuhaira a ciki.

Baƙon ya dawo da raƙuminsa yana haki, ya dubi ramin, ya dubi mutane.

"Subhanallahi! Bayin Allah, me ya hana wani ya faɗa mini?"

A daidai nan furar ta iso.

Ran Juma'a Husaini ya dawo, ya sa aka jefo jakar ta taga. Ta gangara kan kwalta, kamiyon da ke bayansa ya bi ta kai. Malam Shu'aibu ya durƙusa a tsakiyar hanya yana tsintar gari fari a cikin yashi, bai samu ƙwaya ɗaya mai rai ba. Katin kaɗai ya tsira, da zanen taya a jikinsa. Da yamma Husaini ya bugo waya.

"Baba, ka yafe ni. Wallahi na rantse ba na ƙara jefa maganin mutum ta taga. Ku tada ƙarfenku, ni dai ba ni da ikon tsayawa."

Abdulmajid ya je asibiti ya yi bayani. Sun ce za su sake bayarwa, amma sai sun ga kati. Kati kuwa yana Rijiyar Dodo, kuma ba a jefa takarda cikin mota tana gudu. Za ka ce ai sai a hau jaki a kai shi tasha. Wa zai hau? An faɗa a masallaci, an sake faɗa, kowa ya tuna yana da aiki a gona. Kuma wata mai zuwa fa, da na bayansa?

Marigayi ya rasu ya bar jakar fata guda ɗaya da zoben wuyanta, yanzu ba ta da mai kama ta. Ya bar sanduna biyu a motar Husaini. Ya bar wani jaki da ya saba sosa ƙeya a jikinsa, wanda har yau yake zuwa ya tsaya a bakin ramin, shi kaɗai ne ya yi ta'aziyya ba a kira shi ba. Ya bar kwamiti na mutum goma sha ɗaya, dukkansu cikin ƙoshin lafiya. Ya bar mahaifinsa, wanda ya san yadda ake ƙera wani, amma hannunsa ba ya iya riƙe masaba.

Ya kuma bar Zuhaira. Ragowar maganin da take da shi, uban yake rabawa biyu da wuƙa kowace safiya, hannunsa na rawa, ita tana tara tafinta a ƙasa don kada ɓarɓashi ya zube. Rabi-rabin nan zai kai ta Litinin mai zuwa, ba zai wuce ba. Ya hana ta zuwa rijiya. Ya hana ta murhu. Shekaranjiya ya hana ta goyo. Yaron yana kuka yana miƙo hannu, maƙwabciya ce ke goya shi, uwar tana zaune a tabarma.

"Baba, ko zuwa ƙofar gida ne."

"Yi haƙuri, uwata. In kika faɗi da shi fa?"

Uban ya fita ya koma maƙera, ya zauna kusa da gawar.

Gawar tana nan a maƙera, an wanke ta da kalanzir, an rufe da tsohon buhu. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne. Ba za a yi zaman makoki ba, an yi zaman da ya isa. Za a taru ranar Laraba bayan sallar asuba a bakin ramin, inda ya tsaya shekara talatin da ɗaya. Laraba ce, ba Alhamis ba, domin siminti yana son kwana biyu kafin ya kama, motar Husaini kuma ran Juma'a za ta wuce kudu. In ta ɗauki kati ran Juma'a, magani ya iso Litinin. In ta wuce ba ta ɗauka ba, sai wani makon.

A ramin nan ɗayan biyu za a yi. Ko a binne marigayi a koma gida, ko a tsayar da shi. Malam Shu'aibu zai zauna a kan turmi ya faɗi inda za a buga, wannan kaɗai ya rage masa. Ana neman siminti buhu biyu. Ana neman ƙarfen ƙarƙashin kamiyo guda ɗaya, kuma an san gidan da aka tokare ƙofar garke da irinsa. Mai ɗan'uwa mai injin walda a Tanut ya kira shi yau. Mutanen Gangara da Falanko da suka sha aiko da wasiƙu ta nan, wannan sanarwa ta haɗa da ku.

Kada ka aiko da gaisuwa. Kada ka zo ka ce wa dattijon nan ya yi haƙuri, ya yi ya gaji. Zuhaira tana son ta goya ɗanta. Ran Laraba da asuba, ka ɗauko shebur ka zo.