Rasuwar Lalla Yamna, Rediyon da Ke Kunna Fitila Babu Waya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci da har yanzu bai rabu da ƙaurin ƙonanniyar waya ba, ni Hammu Ait Lahsan, direban babbar mota a hanyar Tingir zuwa Marrakesh, nake sanar da 'yan'uwa direbobi da sauran abokan arziki rasuwar rediyona ta oba-oba da muke magana da juna a hanya, wadda aka fi sani da Lalla Yamna. Ta cika ranar Asabar bayan sallar isha'i, a tsakar gidana, a gaban shaidu fiye da ɗari biyu, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da zumunci. Ta sha zafin rani da ƙanƙarar kan dutse ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ɗan “shhhh” da take yi idan muka shiga kwazazzabo. Ta bakinta nake jin inda dutse ya faɗo ya tare hanya, da inda aka yanka rago sabo. Ta bakinta kuma aminina Bujuma'a, mai jigilar albasa, yake tashina kullum da gaisuwarsa: “Hammu, tsohon jaki, kana da rai ko mu raba tayoyinka?”

Baiwarta ta bayyana shekara bakwai da suka wuce, a wani shagon shayi da ke kan hawan dutsen Tishka. Mai shagon ya cire wani dogon ƙwan fitila da ya mutu, irin farin nan mai kama da sanda, ya jingina shi a jikin motata dab da eriya kafin ya sami inda zai jefar. Ni kuwa a lokacin na riga na haɗa wa marigayiyar akwatin ƙarin ƙarfi. Na danna abin magana don in rama wa Bujuma'a zaginsa, sai ƙwan nan ya kama, fari tas, babu waya, babu soket. Na saki, ya mutu. Na sake dannawa, ya sake kamawa. Mai shagon ya yar da butar shayi ya yi cikin gida yana neman tsari, takalminsa ɗaya a waje. Daga baya Si Dris mai gyaran rediyo ya yi mini bayani cewa ƙarfin da ke fita daga eriya ne yake motsa iskar da ke cikin ƙwan. Na saurare shi saboda girmansa, amma ni na san albarka ce.

Ciwon ajalinta ya same ta a ranar bikin 'yata Itto. An kafa rumfa a tsakar gida, kuskus ya nuna, makaɗa sun jera da lasifikarsu mai batir, dangin ango sun iso daga Warzazat mota biyar. Ana idar da magariba aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya. Uwar ango, Hajja Mbarka, wadda tun safe take duba kofunanmu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ta gyara mayafi.

“Mu a gidanmu ba ma karɓar amarya a duhu kamar kayan sata,” in ji ta. “Ku tashi mu tafi. In sun sami fitila sa aiko.”

Matata Zuhur ta same ni a bakin ƙofa, ta kama hannun rigata. “Hammu, 'yarka na ciki tana kuka, kwalli duk ya zubo. Gwangwanin surutun nan naka, in yana da amfani a duniya, yau ce ranarsa.”

Na shigo da mota da baya har gefen rumfa. Maƙwabta suka ciro dogayen ƙwayayen fitilunsu, guda shida, muka ɗaure su da igiya kewaye da eriya. Na hau, na rufe ƙofa, na danna. Rumfa ta yi haske, mata suka rangaɗa guɗa, Hajja Mbarka ta koma ta zauna a hankali kamar wadda dama ƙafarta ce ta yi sanyi.

Sai dai marigayiyar tana da sharaɗi: hasken ba ya ƙarfi sai ana yi mata magana, da na yi shiru sai ya dushe. Don haka na yi ta magana. Na gaida direbobin da ke kan hanya da sunayensu da na iyayensu. Na lissafa garuruwan da ke tsakanin Tingir da Marrakesh, na dawo da baya. Na ba da labarin ciwon bayana tun daga farkonsa. Akwatin ƙarin ƙarfi ya yi zafin da za a gasa burodi a kansa, na ji, amma na ce ta daure. Bayan awa ɗaya da rabi zance ya ƙare mini, sai na koma faɗin abin da ke raina.

Abin da ban sani ba shi ne, makaɗa sun tsaya cin abinci sun bar lasifikarsu a kunne, muryata kuwa ta sami hanya ta shige cikinta. Rumfa duka tana saurarena.

“Bujuma'a, kana jina?” na ce. “Yaron dai na kirki ne, ba ni da ta cewa. Amma uwarsa, wallahi tallahi, matar nan bakinta kamar...”

A nan marigayiyar ta yi “ƙiiii”, ta yi “fat”, hayaƙi ya tashi, fitilu shida suka mutu lokaci guda. Waɗannan su ne kalmominta na ƙarshe. Ta zaɓi ta ƙone da ta bari in ƙarasa, ta fanshi auren 'yata da ranta. Minti uku bayan haka aka dawo da wuta, aka kai amarya lafiya. Washegari Si Dris ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya cire hularsa, ya ce in yi haƙuri.

Ta rasu ta bar eriya ɗaya mai tsawon mutum da rabi, wadda Zuhur ta riga ta fara shanya a kanta tun kafin a yi kwana uku. Ta bar abin magana da igiyarsa mai lanƙwasa, da ƙwayayen fitila shida da suka koma gidajen iyayensu. Ta bar Bujuma'a, wanda yanzu sai ya tako har ƙofar gida kafin ya zage ni.

Za a yi jana'izarta ranar Juma'a bayan la'asar. Liman ya ce babu salla a kanta, ya kuma roƙe ni kada in sake tambayarsa. Za a ɗauko ta daga shagon Si Dris a naɗe cikin tsohon rawanina, a kai ta saman kabad ɗin ɗakin baƙi, inda za ta kwanta. Ana roƙon direbobi su yi hon sau uku idan sun zo wucewa, su kuma yi shiru na minti ɗaya a tasharmu ta oba-oba, in za su iya. Za a karɓi gaisuwa a gida, akwai shayi da dabino.

Hajja Mbarka ta aiko da tiren kuskus na ta'aziyya, da saƙon cewa za ta zo da kanta, kuma ba za ta tashi ba sai na gaya mata bakin nata kamar me. Na shirya in ce zuma, Zuhur ta ce ko jaririn goye ba zai yarda ba. Duk mai wata shawara ya same ni kafin Juma'a, don kada jana'izar ta zama biyu.