Ranar da Kwamfuta ta Yi wa Barmo Tambayar Keke

Wani mutum ne a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, Malam Barmo, akawu a sashen ma'aikata. Shi ya raɗa wa kansa Farfesa, ba wanda ya taya shi. A cewarsa, da za a ɗora ƙwaƙwalwarsa a sikeli, sai ta rinjayi buhun gero. Kullum da safe, kafin ka zauna ya jefo maka kacici-kacici. In ka yi shiru ya kaɗa kai, ya ce Allah ya sawwaƙe wa ƙasar da irinku ke riƙe da fayil. Firinta ta cije takarda? Laifin jahilai ne. Sabis ya ɗauke? Wani ne ya taɓa abin da bai sani ba.

To, ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Aka buɗe shafin cike fom na ƙarin girma, aka ce ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe. Wanda ya kuskure sai baɗi. Mutane suka yi shirin zuwa kafen intanet, Barmo ya tare ƙofa. Wai abin kunya ne a je waje alhali yana raye. Nufinsa dai shugaban sashe, Alhaji Mamuda, ya gan shi yana ceton kowa, ko ya tuna da shi a kujerar mataimaki.

Ranar Alhamis ya sa aka jeru a bayansa kamar masu jiran rabon taki. Ya ce nasa zai fara yi, kowa ya buɗe ido ya koya. Ya naɗe hannun riga. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya cike komai. Ya danna aikawa, sai ga hotuna tara sun fito, da rubutu a sama: a zaɓi duk mai keke a ciki, don a tabbatar mutum ne ke cikewa, ba na'ura ba.

Hajiya Tabawa, tsohuwar mai buga takardu da saura shekara biyu ta yi ritaya, ta nuna da yatsa ta ce ga su nan guda uku. Barmo ya yi wata dariyar raini.

"Hajiya, wannan tarko ne aka ɗana wa masu gajeren tunani. Keke ai iri-iri ne."

Ya danna ukun, ya ƙara da Keke Napep, ya ƙara da keken guragu. Ɗiit. An ce ya sake.

Ya ce sabis ne. Wasu hotunan suka fito. Wannan karon har da babur ya haɗa, wai babur keke ne da ya ci ya ƙoshi. Ɗiit.

Gumi ya fara tsattsafo masa. Ya cire hula, ya goge gilashin kwamfutar da ita, ya zagi wanda ya ƙirƙiro shafin har kakansa. Can baya kuwa Hajiya Tabawa ta ja kujera, ta ciro wayarta mai fasasshen gilashi. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya suna komawa wurinta. Kafin huɗu saura kwata ta aika na mutum shida, har da na direba.

Barmo na can yana muhawara da hoton baro, wai tunda yana da taya ai dangin keke ne. Ya danna. Allon ya yi jawur.

Daidai nan Alhaji Mamuda ya shigo, ya tsaya a kansa, ya ce bai zo da tabarau ba, Farfesa ya karanta masa abin da aka rubuta. Barmo ya yi tari. Ya ce ƙaramar matsala ce ta fasaha. Alhaji ya ce ya ji, amma dai ya karanta.

Murya can ƙasa, kamar ta mai zawo, ya ce: "Wai an rufe min sai bayan awa ashirin da huɗu. Wai... an kasa tabbatar da cewa ni mutum ne."

Hajiya Tabawa ta jefa wayarta a jaka, ta gyara mayafi, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Mu shekara tara muna wannan zargin, kunya ta hana mu faɗa. Ita kwamfuta ga shi daga zama ɗaya ta gano."