Rasuwar Akwatin Kifin Jalaluddeen, Wanda Kunyar Suruki Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa masu cike da hayaniyar mutanen gida, waɗanda tun jiya ba su gama gardamar wanda ya yi kisan ba, iyalan marigayi Mamuda Mai Koma na Yelwa suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka riga suka ji ta katanga, rasuwar Akwatin Kifi na ɗansu Jalaluddeen. Ya rasu ranar Juma'a da hantsi, bayan jinyar kwana uku, yana da shekara biyu da wata huɗu a duniya.

Mai mamacin ne ya kamata ya rubuta wagga sanarwa, amma hannunsa na dama bai dawo hayyacinsa ba, dalili yana tafe. Shi ya sa ƙanwar ubansa, Gwaggo Altine, ta karɓi biro da ɗan karatunta na yaƙi da jahilci. Ba magulmaciya ba ce, kowa shaida ne. Abin da ido ya gani ne bakinta ba ya iya riƙewa.

Ga waɗanda Allah bai nufa sun ga marigayin ba: akwati ne na gilashi, tsawonsa ya kai dardumar salla, an girke shi a falo inda masu hankali ke ajiye talabijin. A ƙasansa yashi ne wanda aka wanke sau bakwai, an dasa ciyawa kore a ciki, irin wadda masunta ke tsine wa in ta cika musu koma. Jalaluddeen ya kawo shi daga Kaduna lokacin da aka maido shi aiki gida. Ɗan mutumin da ya taɓa fito da giwan ruwa da sai da ƙarti uku suka ɗauka, shi ne ya dawo garin kifi da kifi a leda, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Warangi ma, ƙananan kifin nan da ake aunawa da kwano, ya fi su abin taunawa.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da kawaici. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, in ban da tasbihinsa na kullum, ɓul-ɓul-ɓul, daga wata 'yar roba mai hura iska. Bai taɓa shan ruwan tafki ba, ko da yake tafkin na nan bayan gari. Ruwan famfo yake sha, shi ma sai ya huce a bokiti. Da bazara, lokacin da Murja matar gidan ke fifita da murfin tukunya, shi fitilarsa ta sola ba ta taɓa mutuwa ba. Bai ciyar da kowa ba ko sau ɗaya, amma an ciyar da shi safe da yamma. A wanga hali ya yi kama da wasu mazajen unguwa da ba za a ambata ba, don rana ce ta makoki.

Babbar shaidar da za a yi masa ita ce zaman lafiya. Mutum ashirin da uku ne a cikinsa, ba a taɓa jin kansu ba. Akwai sha biyu masu ratsin ja da shuɗi, suna yawo tare kamar 'yan Islamiyya. Akwai shida masu jela kamar mayafin amarya, suna iyo a sama. Akwai huɗu masu gashin baki da ke sharar ƙasa, sai wani malalaci guda ɗaya da aikinsa lasar gilashi. Duk baƙon da ya shigo, ko gaisuwar mutuwa ta kawo shi, sai Jalaluddeen ya tsare shi da wa'azi: wai ba kowane kifi ke zama da kowane ba, wai a duba faɗin baki don duk abin da ya shiga bakin kifi abincinsa ne, wai kada a kawo mai cin ciyawa ko mai cizon jela, wai baƙon kifi sai ya yi sati biyu a keɓe kafin ya shiga cikin jama'a. Ilimin da kowace mai ƙyafa kifi a bakin kasuwa ta sani tun tana goye, shi sai da ya karanta a waya.

Ciwon ajali ya zo daga Wara, cikin bokiti mai murfi.

Surukin Jalaluddeen ne, Malam Dudu, uban Murja, tsohon masunci wanda bai taɓa shiga gidan kowa hannu rabbana ba. Labari ya kai masa cewa ɗiyarsa na zaune gidan da ake kiwon kifi shekara biyu ba su girma ba. Ba a san wanda ya kai labarin ba. Gwaggo Altine ta je Wara suna a watan jiya, gaskiya ne, amma mata da yawa sun je.

Dattijon ya tsaya gaban marigayin ya daɗe yana kallo, har idonsa ya kawo ruwa don tausayi. Jalaluddeen kuwa ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, kai a ƙasa, kamar yadda ɗan mutunci ke yi gaban suruki. Da aka buɗe bokitin, ya san abin da ke tafe. Duk wa'azin nan na shekara biyu yana cikin bakinsa. Amma wa ya taɓa cewa suruki ya dakata? Murja ma ba ta da baki, ɗiyar fari ce, ubanta ko sunanta ba ya kira, balle ta tsaya tana yi masa bayanin faɗin baki. Mutum ɗaya ce a falon shekarunta suka kai ta yi magana, wato Gwaggo, ita kuma goro ne a bakinta, kuma tana son ta ga abin da zai faru.

Malam Dudu ya yi bisimilla ya juye bokitin. Jalaluddeen ne ya tallafa masa gindinsa, ya kuma yi godiya. Karfasa biyu suka faɗa, da tarwaɗa ɗaya mai kaurin damtse, sai wani abu mai santsi da ya sulale bayan dutse. Wannan na ƙarshen Jalaluddeen bai gan shi ba, don idonsa na kan tabarma.

Da baƙon ya koma a ranar, da an ceci rai. Sai ya shimfiɗa buzunsa a falon ya ce kwana uku zai yi, ya ga yadda tsarabarsa za ta saba da wuri.

Ranar farko karfasa suka shiga noma. Suka tumɓuke ciyawar, suka ci mai taushi, suka tona ramuka, ruwan da ake ganin fuska a cikinsa ya koma kamar kunun kanwa. Dattijon ya yaba, ya ce yanzu ruwan ya yi kama da ruwa. Rana ta biyu 'yan Islamiyya suka koma bakwai, kafin la'asar uku. Amare suka rasa mayafansu, daga baya su ma aka rasa su. Tarwaɗa ta kwanta a kusurwa tana lumshe ido kamar wadda ta dawo daga walima. Jalaluddeen na shigowa da kwanon tuwo ya durƙusa, ya saci kallo ya ƙirga, ya fita bayan gida ya daɗe. Murja ta ce mura ce.

Ranar Juma'a da hantsi Malam Dudu ya hau mashin ya tafi tasha. Ƙarar mashin ɗin bai gama ɓacewa ba Jalaluddeen ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa bayan dutse, yana laluben masu gashin bakinsa. Abin da ya tarar minjirya ce, kifin nan mai wuta da ko masunci ba ya yi wa riƙon wasa. Ta gaishe shi. Ya fizgo hannu, gwiwar hannun ta daki gilashi. Marigayin ya ce ɓul, ya ce tas, bai sake cewa komai ba.

Ya rasu ya bar bango ɗaya a tsaye, da 'yar robar iska da har yanzu ke huci a ƙasa, da littafin sunayen kifi, da kafet ɗin Murja da ba zai sake zama kafet ba. Cikin ashirin da ukun, malalacin nan mai lasar gilashi ne kaɗai ya tsira, yana cikin kwanon sha. Haka duniya take, ragwaye ke daɗewa.

Gardamar gida dai tana nan. Jalaluddeen ya ɗora wa mai kai labari. Murja ta ɗora wa mai baki da bai buɗe ba. Gwaggo Altine tana ganin wanda ya san dokar zaman kifi bai san dokar zaman mutane ba: suruki ma irin kifin da ake duba faɗin bakinsa ne tun kafin ya iso.

Za a kai marigayin makwancinsa gobe Lahadi bayan la'asar, a ramin bayan katanga, cikin buhun siminti. Ba za a yi wanka ba, ya sha ruwa iya shansa. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida. Akwai farfesun tarwaɗa na sadaka, wanda duk ya sha ya yi wa ashirin da biyu addu'a, don suna ciki.

Malam Dudu ma ya aiko da ta'aziyya daga Wara. Ya ce laifin akwatin ne da ya yi ƙanƙanta, yana tafe ranar addu'ar bakwai da randa da ɗan giwan ruwa. Da Gwaggo ta isar da saƙon, mai mamacin ya miƙe, ya fita ya bugo ƙofar falo, har bangon gilashin da ya rage ya bi 'yan'uwansa, ya watse ko'ina.

Saboda haka masu zuwa gaisuwa kada su tuɓe takalmi, ko da surukai ne.