Tuwo Arba'in a Motar Tsere

"Lafiya lau, bawana. Ya jikin gimbiyar? Yau ma tana kwance?"

Tabitha ke nan, 'yar kawun Barnaba, tsaye a bakin garejinsa a unguwar Titiwangsa da ke Kuala Lumpur, ƙasar Malesiya, takunkumi a haɓa. Gimbiyar kuwa mota ce. Shekara biyu yana haɗa ta don filin tseren Sepang: ya ɗaura mata turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ya cire kujerun baya don ta rage nauyi, ya sauke ta har cikinta na neman shafar ƙasa. Saura mako guda ya gwada ta aka yi kullen korona. Wahala dai ya sha ta a kan motar nan.

"Wa ya buɗe wa mai tuwo ƙofa?" in ji Barnaba daga ƙarƙashin mota. "Matsa can, warin daddawarki zai toshe min turbo."

"Daddawar da ta raine ka? Fito mana. Mai babur ɗin da ke kai min abinci ya kamu da korona. Ga tuwon mutum arba'in na ƙulla, ɗalibanmu 'yan Najeriya an kulle su a masauki, tun jiya ba su ci abin kirki ba."

"Allah ya ba shi lafiya. Ki hau jirgin ƙasa."

"Da kula huɗu a ka? Kai da motar duk nawa ne, ka tambayi Gwaggo."

"Ke da ko keke ba ki iya ba! Ƙarfin doki ɗari uku ne a nan."

"Doki ɗari uku, ba wanda ya taɓa leƙa titi."

Barnaba ya fito yana goge hannu. "Tabitha, bar wasa. Hanyar nan duk tudun rage gudu ce. Ba za ta haura ko ɗaya ba sai na ɗaga ƙafafunta, na kwance leɓen robar da ke ƙasan gabanta. Wata huɗu na yi ina saita tsayin nan, taya ɗaya bayan ɗaya, da ma'auni a hannu."

"To me ya sa kullum da safe kake tayar da ita, tana ta gurnani a wuri ɗaya?"

"Don kada batir ya mutu." Ya ajiye tsumman goge hannu. "Kuma don in ji wani sauti a gidan nan. Shirun ya yi min yawa, wallahi."

Tausayinsa ya kama ta sosai, amma Tabitha ba za ta bari ya gani ba.

"Yara arba'in za su cika maka kunne yau, har ka roƙe su su yi shiru. Ɗaya ma ɗan garinku ne, kuka yake min a waya. Kunnuwanku iri ɗaya, kamar faifai."

Barnaba ya daɗe yana kallon motar. Sai ya fashe da dariya, ya jawo jak.

"Miƙo min sifana goma. In miya ta zube, da gyalenki zan goge."

Saitin wata huɗu, cikin minti ashirin ya warware shi da hannunsa. Ya kwance leɓen gaban, ya shafa shi sau ɗaya, ya miƙa mata.

"Ungo, kyautarki. Ɗauko kulolin kafin tuwon ya huce."