Ranar da Na Rege Yashin Kifin Yaya Rabi

Ba zan taɓa mantawa da watana na biyu a Libreville ba, ina amarya daga Zinder, muna zaune gidan yayar mijina, Yaya Rabi, a unguwar Nombakélé. A falonta akwai akwatin gilashi mai ruwa da kifaye, ni dai shida nake gani, marigayi mijinta ne ya bar mata. Ko 'ya'yanta ba sa kai hannu wurin. Ni kuwa tsoronta nake ji kamar me, don mace ce da ba ta faɗa, kallo ɗaya take yi maka.

Rannan za ta shagonta a kasuwar Mont-Bouët ta ce, "Amarya, ki zuba musu abinci kaɗan, shi ke nan."

Da ma na tsaya a nan. Amma yashin ƙasan akwatin ya daɗe yana ba ni haushi, ya yi baƙi-ƙirin. A gidanmu ko yashin tsakar ɗaki sai an tankaɗe shi kowace Juma'a. Na ce yau Yaya za ta san an kawo 'yar gidan tsabta. (Neman suna, ba wani abu ba.)

Na kwashe kifayen da ludayi na sa a bokiti, na ƙirga, shida cif. Na kwaso yashin cikin roba, na fito tsakar gida na hau regewa kamar shinkafa. Ina cusa hannu sai wani abu mai santsi ya naɗe mini yatsa. Dogo, siriri, da zane baƙi da rawaya.

Ni da maciji ya taɓa saran ƙanwata a gona, ban san lokacin da na yi jifa da robar ba. Ihun da na yi, wallahi har titi. Maƙwabcinmu Malam Isufu mai taksi ya shigo da sanda, wata maƙwabciya 'yar Gabon ta biyo shi da adda, ni kuma ina tsaye kan turmi, ina nuna musu gindin randa.

A haka Yaya Rabi ta shigo, ta dawo ɗaukar makullin da ta manta. Ta dubi yashi a warwatse, ta dubi bokiti. "Ina na bakwai?" ta ce.

Ashe kifi ne, irin mai ɓuya cikin yashi, kuma shi marigayi ya fi so. Malam Isufu ya riga ya ɗaga sanda, Yaya ta riƙe ta a sama. Ta durƙusa da leshinta cikin caɓi, ta tallabo ɗan abin nan da ke ta buɗe baki, ta sa shi a bokiti. Ya kwanta a ƙasa shiru. Ina ta salati a zuci, har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata idan aka mayar da ni Zinder saboda kifi. Can sai ya motsa jela.

Yaya ta kalle ni, ta ce, "Amarya, sauko daga turmin mana."

Shekara huɗu ke nan, kifin yana nan da ransa, yaran gida sun sa masa suna Macijin Amarya. Yanzu idan aka ce in zuba abinci, abinci kawai nake zubawa, ko da zan ga yashin ya tsiro ciyawa.